Kukan da Koubra Ta Haɗiye

"Cire abin nan daga kunnenka, Abban Koubra!"

Mounkaila ya ɗaga mata yatsa, idonsa na kan kwamfuta. "Chamsia, don Allah... shugabanmu ne a layi."

"Ko wane ne! Dubi hannun 'yarka."

Ya juyo. Koubra, 'yar shekara uku, na maƙale da zanen uwarta. Bayan hannunta ya ɗuri ruwa, fuska shaɓe-shaɓe da hawaye, ɗaya hannun kuma ta toshe bakinta da shi.

"Butar shayi ce ta ƙona ta," in ji Chamsia. "Ina can ina shanya, ban ji komai ba. Bayan ƙofa na same ta. Ina zuba mata ruwan sanyi ina cewa me ya hana ki kira ni? Ka san me ta ce? Wai shiii... Abba yana aiki."

Tun kafin a haifi yarinyar yake yi wa wani kamfanin sufuri na Yamai aiki daga ɗakin da suke haya a unguwar Mahdiya ta garin Sabha, yana bin sawun motocin kaya ta waya. Da farko Chamsia har fahari take yi, nata mijin ba ya dakon siminti a zafin ranar Sabha kamar sauran 'yan ƙasarsu. Sannu a hankali ɗakin ya zama ofis. Ta daina daka, baƙi suka ɗauke ƙafa. Koubra kuwa raɗa ta fara koya kafin magana.

"Don ku nake yi fa," ya ce a raunane. "Sau biyu ana ƙarin girma ana tsallake ni, a ba masu zama kusa da shugaba. Wanda ba a gani mantawa ake yi da shi, Chamsia. In na ajiye wayar nan..."

"Su can ba sa ganinka, mu nan muna ganinka amma ba mu da kai. To kai na wa ne?" Ta share ido da bakin mayafi. "Ni zan iya haƙuri, masoyina. Ita fa? Yarinya ta ƙone ta ji tsoron kuka a gidan ubanta?"

Ya zare abin kunnen. Ya durƙusa gaban 'yarsa.

"Yi kukanki, uwata."

Koubra ta saci kallon kwamfutar.

Ya miƙa hannu ya rufe ta.

Sai ga ihu! Ihun da ya cika ɗakin, ya fita har titi. Mounkaila ya rungume ta, shi ma nasa hawayen na zuba a kan kitsonta.

Washegari Chamsia da kanta ta je wajen Maman Sani mai gyaran waya, ɗan garinsu, ta roƙa wa mijinta kusurwa a shagonsa. Mounkaila kuma ya faɗa wa shugabansa zai riƙa leƙowa Yamai lokaci-lokaci, a san fuskarsa. Ko ƙarin girman zai zo, Allah masani.

Ran nan da la'asar ya dawo daga shagon ya yi sallama, jaka a kafaɗa, kamar kowane magidanci.

"Abbaaa!" Koubra ta kwasa da gudu.

Maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga. "Ikon Allah! Chamsia, dama 'yarki na da murya haka?"

Chamsia ta ɗaga taɓarya ta sauke a turmi da ƙarfi, tana dariya.

"Ki saba da ita, yaya. Bashin shekara uku take ramawa."