Motar Albasa a Hawan Giyawa

Da hantsi aka kira Sufeto Simeon daga ofishin 'yan sanda na Goronyo. Babbar motar Hajiya Uwaliya, ɗauke da albasa, ta kasa haye tudun da ke fitowa daga fadamar Giyawa. Injin ya mutu a tsakiyar hawan, birki bai riƙe ba, motar ta koma da baya ta kife. Direbanta Sa'adu ya yi ƙoƙarin dirowa, ta danne shi. Kafin Simeon ya iso, an lulluɓe gawar da zane.

Mutanen wurin suka ce lodi ne ya yi yawa. Don haka Simeon ya fara da Mujaheed, shugaban masu lodi. Mujaheed ya rantse bai wuce abin da motar ta saba ɗauka ba. Manoman da aka loda albasarsu suka shaida haka, suka ƙara da cewa bara da irin wannan kaya take haye tudun ba wahala. Simeon ya sallame shi. Da ya leƙa injin, sai ya ga sabon jan gam a bakin murfinsa. An buɗe shi kwanan nan.

Bayan jana'iza ya je gaisuwa wurin Rukayya, matar mamacin. Ta ce tun bayan sallah mijinta ke kukan motar ta sake hali: a kan kwalta tana gudun da ba ta taɓa yi ba, amma a yashi ko a hawa, in injin na tafiya a hankali, sai ta mace. Ya so ya gaya wa Hajiya, amma tana jinya a Sakkwato, sai ya gaya wa ƙanenta Almustapha, wanda aka ajiye motar a gidansa a Rabah lokacin sallah. Almustapha ya ce masa gurɓataccen mai ne, ya ci gaba da aiki.

Simeon ya aika aka zo da Dickson, bakaniken Wurno da ke duba motar.

"Yaushe ka buɗe injin nan?"

"Kafin azumi, Yallaɓai. Kuma ni baƙin gam nake sawa."

Masu shinkafa a Wurno sun tabbatar motar ta yi ta jigila lafiya bayan wannan gyaran. Simeon ya sa Dickson ya kwance injin a gabansa. Da Dickson ya zaro kamshaf, wato sandar ƙarfen da ke buɗe bawul, ƙofar shigar iska cikin injin, tana rufewa, ya daɗe yana juya shi kafin ya ce ba na motar ba ne. Na motar kaya, in ji shi, yana rufe bawul da wuri, iska ta matsu sosai ko injin na juyawa a hankali, daga nan ƙarfin ja yake fitowa. Wannan kuwa na wata bas ne mai irin injin, yana barin bawul a buɗe ya jima. In an taka mota yana da daɗi, amma a hawa da kaya iskar komawa take yi, injin ya rasa ƙarfi.

Washegari Simeon ya tafi Rabah, ya zauna a tasha yana hira da direbobi. Nan ya ji cewa Almustapha na da tasa motar mai irin wannan inji. Kamshaf ɗinta ya lalace kafin azumi, ya sayo na hannu, tun daga nan sai an rage mata kaya take fita daga yashi. Bayan sallah kuma, ba wanda ya ga ta je gareji, sai ga ta tana ja kamar sabuwa.

Aka kwance injinta. Jan gam ne a murfin, kamshaf ɗin motar Hajiya kuma na ciki.

An kawo Almustapha ofis a gaban yayarsa, wadda ta dawo ranar tana dogara sanda.

"Mi nika yi da ƙarfen Yaya?" in ji shi.

Simeon ya ce, "Motarka ta warke a makon da tata ta kamu. A gidanka anka ajiye ta. Ka san ciwon, don taka ta yi shi, shi ya sa da Sa'adu ya zo maka ka ce mai ne."

Almustapha ya sunkuyar da kai. Ya ce aro ya yi, niyyarsa ya mayar in kakar albasa ta wuce, bai zaci abin zai kai ga rai ba.

Hajiya Uwaliya ta dube shi ta jima.

"Da ƙarfen ka roƙa, da na ba ka," ta ce a hankali. "Amma bawan Allah ya taka har gidanka ya faɗa maka, ka bar shi ya hau."

Ta miƙe da ƙyar. Simeon ya tambaya ko a kai ta gida. Ta ce a'a, a kai ta wurin Rukayya.