Direban da Ya Ƙi Hurawa

Ranar da Amal ta fara ganin Kudus, da tana da iko da ta sauke shi ta karɓi sitiyarin da kanta. Ƙarfe tara saura kwata ta tare koriyar tasinsa a unguwar University Heights, alƙali kuwa ƙarfe tara yake jiranta a kotun Bronx. Shi ko gogan naka tafiya yake a natse kamar wanda ya ɗauko kwandon ƙwai.

Ta kira mahaifiyarta don ta huce. "Umma, yau na haɗu da direban da ko mai keke zai wuce shi."

"Mil ashirin da biyar a awa doka ya ce, Hajiya," in ji direban, da Hausarsa ta Zangon Kumasi. "Ki gaishe mini da Umma."

Kunya kamar ta nutse. Ta saci kallonsa ta madubi, ta ga idanunsa na dariya amma bakinsa a rufe. Ya bi ta wasu lunguna da ba ta taɓa sani ba, ya ajiye ta a ƙofar kotu tara saura minti biyu.

Amal lauya ce a wani ƙaramin ofis, yawancin aikinta kare direbobi ne, don haka ta ga masu ganganci iri-iri. Wanda bai taɓa cin tikitin laifin tuƙi ba a shekara shida, sai a kan Kudus ta fara gani. Ta karɓi katinsa wai don ranakun kotu. Kafin ƙanƙara ta narke, ranakun kotun sun zama kullum.

"Lauyata," ya rubuto mata wata safiya, "yau na ɗauki mutum goma sha ɗaya, babu wanda ya zage ni da daɗi kamar ke."

Ta mayar masa: "Malam Sannu-sannu, ka yi haƙuri da su. Ni ma da farko ban san darajar tafiyar ba."

Mahaifinta, Alhaji Ishiyaku, Bakano ne da ya shekara ashirin yana aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi idonsa na kan Ammar, ɗan amininsa, mai aiki a ofishin jakadanci. Da dattawan Kudus suka zo gaisuwa, ya karɓe su da mutunci, ya ce a bari sai bayan salla. Amal ta san mahaifinta, wannan ba i ba ce, amma dai ƙofar a buɗe take.

Sai azumin 2015 ya faɗo tsakiyar zafi, ana kai wa takwas da rabi kafin a sha ruwa. Wata Asabar da yamma Kudus ya ɗauko wasu 'yan kallon wasa, ɗayansu ya kifar masa da gwangwanin giya a kujerar baya da hannun rigarsa. Ya sauke su ya nufi wurin wankin mota, ransa a ɓace. A hanya ya kauce wa rami ya taka layin tsakiya, ɗan sanda ya tsayar da shi. Mota na warin giya, idanun direba jajur saboda tashin sahur. Aka sa masa ankwa.

Washegari da safe Amal ta same shi a kotu. Alƙali ya sake shi, amma ya riƙe lasisinsa, saboda takardar 'yan sanda ta ce ya ƙi hura na'urar gwajin giya.

Suna fita ta tsaya a gabansa. "Kudus, ka ƙi hurawa? Kai da ba ka taɓa ɗanɗana ta ba?"

"Da bakin azumi zan kama bututun da mashaya suka hura, Lauyata? In tururin ya shiga maƙogwarona fa? Na ce musu su jira magariba, sai in hura ko sau goma ne."

"Bututun sabo ne, a leda yake zuwa!"

"Na'urar fa? Shi ma sabo ne?"

Ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya. Ta zaunar da shi a kan benci ta yi masa bayani dalla-dalla. Shari'a biyu ce a kansa. Ta tuƙi cikin maye tana kotu, wannan ba ta jin tsoronta. Ɗayar kuwa a hukumar lasisi za a yi ta, kuma can ba a tambayar ko ka sha. In an gargaɗe ka ka gane, sannan ka ƙi hurawa, shekara guda ba tuƙi. "Ku jira magariba" a wurinsu ƙi ne.

Ya sunkuya yana kallon tafin hannunsa.

Kafin la'asar labari ya zaga masallatan Bronx, kuma a hanya ya zubar da rabinsa. Babu mai maganar azumi, abin da ya rage shi ne an kama Kudus a buge. Ammar ne ya kawo wa Alhaji, har da girgiza kai irin ta mai tausayi.

Bayan shan ruwa Alhaji ya kira ta. "Amal, na yi shiru da direba ne, don sana'a ba abin kunya ba ce. Amma mashayi, a watan Ramadan? Kada in sake jin sunansa a gidan nan."

"Abba, wallahi bai sha ba."

"To me ya hana shi hurawa?"

Ta tashi ta fita, don ta ji yadda amsar za ta fito kamar ƙaryar yara. Tana komawa ɗaki ta tarar da saƙon Kudus.

"Amal, na ɓata miki suna. Ki nema mini wani lauya, ki bi maganar Abba. Ba zan ji haushi ba. Allah Ya san ina son ki."

Ta share hawaye ta rubuta: "Direbana, ni ba fasinja ba ce da za ka sauke a hanya. Litinin ƙarfe goma a ofishina, ka zo da takardunka duka."

Ranar Litinin ya zo da shawarar da abokansa direbobi suka ba shi, Moro ne kan gaba. Wai ya ce ba ya jin Turanci sosai, bai gane gargaɗin ba, shi ke nan a mayar masa da lasisi.

Amal ta aje biro. "Gaskiya ne, wannan ce kaɗai ƙofar da ta rage. Don haka zan tambaye ka sau ɗaya. Ka gane abin da ɗan sandan ya karanta maka?"

"Na gane. Sau biyu ya karanta, a hankali. Mutumin bai cuce ni ba."

"Ka san me wannan ke nufi?"

"Na sani." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Na ƙi hurawa don kada azumi ya karye, sai kuma in zo in ɗinke shi da ƙarya?"

A ranar ta tabbata ko duniya za ta taru, wannan mutumin za ta aura.

Da safen ranar zaman hukumar lasisi ta durƙusa gaban mahaifinta. "Abba, ban ce ka yarda da ni ba. Ka zo ka gani da idonka, awa ɗaya kawai. In ka fito ka ce a'a, na bar shi har abada." Alhaji ya dube ta, sannan ya ce a miƙo masa hularsa.

Ɗakin ƙarami ne, teburi ɗaya, alƙaliya da ɗan sandan da su. Amal ta miƙe ta yi aikinta yadda ya kamata. Ta sa ɗan sandan ya amsa da bakinsa cewa kujerar baya a jiƙe take, kuma direban bai yi tangaɗi ba. Sannan ta nemi a kunna bidiyon da aka ɗauka a ofishin 'yan sanda.

Ga Kudus a allo, leɓunansa a bushe, yana bin layin ƙasa ƙafa bayan ƙafa ba ko karkacewa. Aka miƙo masa bututu, ya haɗe hannu a ƙirji yana ba da haƙuri, yana nuna agogon bango. Aka miƙo masa kofin ruwa ma, ya girgiza kai ya yi godiya. Daga nan ya tambayi ɗan sandan ina ne gabas, don la'asar na neman kuɓuce masa.

Amal ta ji numfashin mahaifinta ya sauya a bayanta, amma ba ta waiga ba.

Alƙaliya ta cire tabarau. "Ka fahimci cewa in ka ƙi za ka rasa lasisinka?"

"Na fahimta, ranki ya daɗe."

Ta ce ta yarda ba ya kama da mai maye, amma doka ba ta bar mata zaɓi ba. Ta soke lasisin na shekara guda. Amal ba ta taɓa faɗuwa shari'a ta ji alfahari irin na ranar ba.

A waje Alhaji ya tsaya gaban Kudus. "Yaro, wane malami ne ya ce maka hura iska na karya azumi?"

Kudus ya durƙusa. "Babu, Baba. Tsoro ne kawai."

"To ba ta karyawa. Wauta ka yi, babba ma kuwa." Ya gyara murya, ya kawar da kai gefe. "Ni kuma na saurari magana ban bincika ba, tawa ta fi taka. Yanzu da me za ka ci abinci?"

"Wani ɗan garinmu yana da shago a Highbridge, ya ce in zo in riƙa sauke kwalayen doya."

"Ka je ka sauke. Ka ce wa dattawanka su dawo ranar Juma'a."

Bayan wata huɗu masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar maye. Alhaji da kansa ya kai takardar janyewar zuwa masallaci ya sa liman ya karanta bayan salla, Ammar na sahu na biyu kansa a ƙasa. Shi kuwa Kudus kullum da safe yana bas zuwa shago, kuma bai taɓa zama kujerar direba ba ko don gyara fakin.

An ɗaura aure a watan Afrilu, saura wata uku lasisin ya dawo. Da yamma aka fito daga zauren walima, Moro ya jero tasi koraye har goma sha tara a bakin titi, kowane direba na rantsuwa shi zai ɗauki ango da amarya. Ana cikin wannan gardama sai Alhaji ya ratso da makullin motarsa a hannu. Ya buɗe ƙofar baya ya riƙe.

"Baba, ai ba ya yiwuwa," in ji Kudus.

"Shiga, ɗana. Kai doka ta hana, ni ba ta hana ni ba."

Suka shiga. Amal ta lalubo hannun mijinta a ƙarƙashin mayafi, ta ji ya yi kanta saboda kwalaye, ta riƙe shi gam. Alhaji ya gyara madubi ya dube su su biyun, idanunsa sun ciko.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu gaskiyar ubansu." Ya tayar da mota. "Amma karatun azumi, ni zan koya musu."