Ƙwayar da Aka Hana Badi'a

"Ɗaga hijabin mu gani."

Badi'a ta ɗaga. Hajiya Furera, mahaifiyar saurayinta Mahbub, ta ƙura wa tabon wuyanta ido, ta taɓe baki kamar mai tayin akuya a kasuwar Gwarzo.

"Ashe da gaske yankakkiya ce! Kuma an ce kullum safiya sai kin afa ƙwaya?"

"Tun da aka cire min maƙoƙo, Hajiya. Likita ya ce har ƙarshen rayuwata..."

"Likita! Mu za a yi wa wayon Bature? Ƙwayar da mace ke sha kullum ai mun san ta, ta hana haihuwa ce. Naja'atu ta gani da idonta."

Naja'atu 'yar ƙanwar Hajiya ce, ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Mahbub. Ko sunan maganin ba ta iya karantawa. Amma a shekarun nan na farkon shari'a, da ko ɗigon shan-inna ake yi wa kallon makirci, wa zai tsaya bincike? Hajiya ta gyara mayafi ta kafa sharaɗi: a bar ƙwaya daga yau, ko a mayar mata da lefenta garinsu Dugabau.

Da la'asar Mahbub ya iso gidan su Badi'a a Madadi a kan babur, ya tsaya bakin zaure yana marairaicewa.

"Hasken idona, daurewa za ki yi. Wata ɗaya fa ya rage a yi biki."

"Mahbub, an ce in na daina zan kwanta."

"Ba abin da zai same ki ina raye! Kina shiga ɗakina sai ki ci gaba."

So hana ganin laifi. Ta miƙa masa kwalaben maganinta biyu ya kai wa uwarsa shaida, ko Innarta ba ta gaya wa ba.

Kafin sati uku ana zafin bazara ita tana jin ɗari. Murya ta dishe, jiki ya mutu, fuska ta kumbura. Dangin ango, masanan komai, suka ce ƙibar amarci ce.

Ranar ƙunshi, mai lalle na riƙe da hannunta, sai yatsun suka ƙandare, numfashi ya sarƙe.

"Aljanu ne!" in ji dangin ango, har an aika neman mai ruƙiyya.

Inna ce ta ture su, ta sa aka ɗauke ta sai asibiti. Sista Lucia, wata nas 'yar Filato, tana ɗaura mata ruwa tana faɗa.

"Wa ya ce ki daina? Saura ƙiris ki tafi, yarinya!"

A kwana na uku Mahbub ya shigo, baki har kunne.

"Albishirinki, zuciyata! Sista ta ce in ba kya shan maganin, ko ciki ba zai zauna ba! Na gaya wa Hajiya, ta ce ki sha, in ma da hali a ƙara miki. Ga kwalabenki."

Badi'a ta dube shi daga sama har ƙasa. Namiji har namiji, ga gemu ga shadda, amma sai an buɗe masa baki yake magana.

"Da Sista ta ce raina kaɗai maganin yake riƙewa fa?"

Ya hau sosa ƙeya.

"Na ce maka zan kwanta, ka ce in daure. Ana ambaton jikan Hajiya ka taho da gudu."

"Badi'a, ki rufa min asiri... Sati ɗaya kawai aka ɗaga bikin, an raba goro..."

Hawaye suka cika idonta, don har yanzu tana son sa, abin haushin ke nan. Ta juya fuskarta bango.

"Inna, a ba shi hanya. Kai kuma ajiye maganin kafin ka fita, shi dai na san amfaninsa."