Aljanar Takarda

"Wagga ce aljanar da kika kawo muna gari?"

Tasalla ta tsaya cak a tsakar gidan su Kailu, saurayinta. Littafinta ne a hannun mahaifiyarsa, Inna Tanne!

Littafin zane ne na Faransanci, Kailu ya sayo mata a Yamai, can inda yake kai kaya da kamiyo, babbar motarsa. A ciki akwai wata mace mai jan mayafi, tana tashi sama, tana ɗaga mota da hannu guda. Da yake Tasalla ta ɗan taɓa karatun boko a lekol, kullum da la'asar takan fassara wa 'yan matan Filinge a gindin gawo. Su suka raɗa wa macen suna Walƙiya.

"Inna, zane ne kawai..."

"Zane ne ya sa Habsatu ta riƙe hannun mijinta da ya ɗaga mata bulala? Zane ne ya sa ɗiyan mutane ɗaura jan ƙyalle suna dirowa daga kan rumbu?"

Delu, 'yar ƙanen Inna da ta daɗe tana son Kailu, ta matso.

"Ni na ji da kunnena, Gwaggo. In tana karatu, muryarta sauyawa takai. Iskokin Babule ne!"

Babu tsohon da ya manta yadda kumandan, Baturen mulki, ya taɓa kwashe mutanen nan ƙasar Kurfai saboda borin Babule.

Tasalla ta juya ga Kailu, idonta ya ciko.

"Kailu... gaya musu kai ka kawo mini."

Ya sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri, hasken idona... bari Inna ta huce."

Inna ta cilla littafin cikin murhu.

Tasalla ta kalli littafin har wuta ta cinye shi.

"Takarda kika ƙona, Inna. Hannun Habsatu yana nan."

Ta dubi Kailu.

"Kai kuma, namijin da ya kasa cewa 'ni ne' gaban uwarsa, da wane baki zai kare ni?"

Ta fice. Sai a ɗakinta ta bar hawayen suka zubo.

Washegari ta koma gindin gawo hannu rabbana. Da ka ta ci gaba da labarin. Walƙiyarta yanzu baƙa ce, 'yar Kurfai mai zanen saƙi, taɓarya ce makaminta. 'Yan mata suka ƙaru, har da matan aure.

Kailu ya aiko, ta ƙi. Ya aiko da turare, ta mayar.

Ran kasuwa sai ga kamiyonsa a tsakiyar jama'a. Ya haye kan buhunan gero.

"Jama'a! Ni na sayo littafin ga! In aljana ce, ni na ɗauko ta! Tasalla ba ta da laifi, ni ne matsoraci... kuma ita nika so!"

Delu ta ja mayafi ta sulale.

Da la'asar Tasalla na tsakiyar labari, sai 'yan mata suka dare. Inna Tanne ce tsaye.

Tsohuwar ta zauna a kan saiwar gawo.

"Ina da wa, ana ce mai Albarka. Ina budurwa anka tai da shi kaso, gidan yarin kumandan, saboda Babule. Na laɓe bayan danga, ban ce uffan ba... bai dawo ba."

Ta goge ido da bakin zane.

"Tsoro ne, ɗiyata. Ci gaba, in ji."

Tasalla ta ci gaba da labarin.

Kailu ya tare ta a hanyar gida.

"Kin yahe mini, rabin raina?"

"Na ji ka a kasuwa."

"To?"

"To, turo manya... kafin in sake shawara."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Ranar kai amarya, Inna Tanne da kanta ta riƙo hannun Tasalla, ta tsallakar da ita bakin ƙofa.