Cingam a Ƙasan Motar Kaka

Kaka yana da wata koriyar mota wadda ta girmi babban ɗansa. Kaka ba ya son a ce mata tsohuwa. Duk wanda ya faɗa, ranar ba za su shirya ba.

Wata Asabar ya ɗaga kafet ɗin motar, ya ga tsatsa ta ci ƙarfen ƙasanta. Ga ƙananan hudoji nan, wasu ko ƙwayar wake ba su kai ba. Ya kira jikarsa Auta, ya ba ta burushin ƙarfe da alli.

"Ki goge tsatsar nan sai ƙarfe ya yi haske," in ji shi. "Duk hudar da kika gani, ki zagaye ta da alli. Mai walda ba ya liƙe ko'ina sai inda ya ga alli."

Auta ta zumɓura baki. Ƙawayenta suna waje suna tsallen igiya, ita kuma an durƙusar da ita a cikin mota!

"Kullum ni," ta ce. "Kamar ni kaɗai ce mai hannu a gidan nan."

Ta goge, ta zagaye huda tara. Sai ta ga wasu huɗu a wajen ƙafar direba. Haushi ya kama ta. Ta ciro cingam daga bakinta, ta cusa a cikinsu, ta shafe da baƙin fenti.

Mai walda ya zo, ya liƙe taran nan tsaf, ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa. Kaka ya ɗauki Auta zai kai ta makaranta. Suna shiga wani kududdufi, ruwa ya feso ta ƙasa, ya jiƙa masa wando har gwiwa. Kaka ya juya kan mota sai rumfar mai walda.

"Kai, wannan shi ne aiki?" ya tambaya a gaban mutane.

Ran mai walda ya ɓaci. "Baba, shekara ashirin ina sana'ar nan. Ban taɓa yin ha'inci ba."

Ya ɗauko sukudireba ya kankare wurin. Wani abu ya biyo ta yana miƙewa kamar roba.

"Cingam ka liƙa mini?" Kaka ya daka masa tsawa. "Ashe haka kake cutar mutane?"

Wani mutum da ya kawo gyaran ƙofa ya ɗauki ƙofarsa zai tafi. Mai walda ya bi shi da ido. Bawan Allah bai ci ba, bai sha ba, ana zubar masa da mutunci!

Auta ta fito daga mota.

"Kaka, ni ce," ta ce. "Gajiya na yi, na ɓoye hudojin da cingam. Bai ga alli a wurin ba."

Kaka ya dube ta. Sannan ya juya ga mai walda.

"A gaban mutane na ci mutuncinka, a gabansu zan ba ka haƙuri. Ka yafe mini, na yi gaggawa."

"Ni ma ku yafe mini," in ji Auta, hawaye yana zubo mata.

Mai ƙofa ya ajiye ƙofarsa. Mai walda ya sauke ajiyar zuciya, har ya ɗan yi murmushi.

Da aka tashi daga makaranta, suka koma rumfar, Auta ta cire cingam ɗin, ta goge wurin har ya yi haske. Mai walda ya liƙe hudojin tana kallo.

A hanyar gida Kaka ya ce, "Idan kin gaji, ki ce kin gaji. Amma kada ki ɓoye aikin da ba ki yi ba, don wanda bai yi laifi ba ne zai sha kunyarsa."

"Na ji, Kaka."

Ya bi ta cikin wani kududdufi da gangan. Suka dubi ƙasa tare. Ko ɗigo bai shigo ba.