Fetur a Rijiyar Kan Tudu

Ƙarfe tara na safe Injiniya ta shigo ofishin 'yan sanda da kwalba a hannu, ta dire ta a teburin Sufeto.

"Shinshina, Yallaɓai."

"Fetur ne."

"Daga rijiyar gwaji ta huɗu na ɗebo shi. Zubawa aka yi."

Shekara biyu ke nan tana aikin tsaftace filin wani tsohon gidan mai. Tankunan da aka binne sun ruɓe, mai ya tsiyaye cikin ruwan ƙasa, hukuma ta rufe rijiyoyin unguwar kaf. Ita ta tono tankunan, ta kwashe ƙasar da ta sha mai, ta yi ta zuƙo ruwa tana tacewa. Jibi masu duba aiki za su zo. In suka ji wari, rijiyoyin mutane za su ƙara shekara a rufe.

"Duk wanda aikinsa ya ɓaci, cewa yake hannun wani ne," in ji Sufeto.

"Nawa bai ɓaci ba. Taso ka gani."

Rijiyoyin gwajin bututu ne masu kaurin cinya, kowace da murfin ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Ta huɗun tana kan tudu, daf da ƙofar shiga.

"Ruwan ƙasa gangara yake yi, kamar na sama," in ji Injiniya. "Tankunan can ƙasa suke. Wannan mun haƙa ta ne don mu san kamannin ruwan kafin ya isa inda ya gurɓata. Mai ba ya hawa tudu." Ta miƙo wata kwalbar. "Ga man tankunan, ya tsufa, ya yi ja kamar tsatsa. Na ɗazu ko sati bai yi da barin famfo ba."

Sufeto ya tsuguna. Notin murfin ya sha sabon karce, fentin ya ɓare. Ya kira mai gadi.

"Baba, wa ke shigowa ban da ma'aikata?"

"Ko kaza, ranka ya daɗe."

"Wannan sawun tayar fa? Kazar ce?"

Tsohon ya sosa ƙeya. "Mai tankar ruwa ne. Yana kawo mana na sha, ya ajiye mota a nan. Shi ai ɗan gida ne."

A tsakiyar unguwa suka sami mai tankar, mata sun yi layi da jarkoki. Tun da aka rufe rijiyoyin ya yi tumbi, abin da ƙishirwar jama'a kan yi wa wasu.

"Fetur? Haba Yallaɓai, motata dizal take sha."

Sufeto ya zagaya bayan motar, ya dafa ƙaramin injin da ke tura ruwa.

"Wannan fa? Addu'a yake sha?"

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya buɗe akwatin kayan gyara, ya zaro ƙatuwar sifana. Fenti mai ruwan ɗorawa na maƙale a bakinta.

"Sai mu je mu gwada ta a notin," in ji Sufeto. "Ko za ka rage mana tafiya?"

Mutumin ya zauna a kan matakalar mota.

"In aka buɗe rijiyoyi, wa zai sayi ruwana? Jarka ɗaya ce kawai na zuba."

"Me ya sa ta huɗu?"

"Ita ce kusa da mota. Ai rijiya rijiya ce."

"A wurinka," in ji Injiniya. "Da ta gangare ka zuba wa, da sai na fara zargin kaina. Ka rasa inda za ka ɓata sai wadda ba ta taɓa ganin mai ba."

Wata tsohuwa ta fito daga layi, ta kama hannun Injiniya.

"'Yata, ruwanmu fa?"

"Na kwashe man shekara talatin daga ƙasar nan, Inna. Jarka ɗaya ba za ta kai ni la'asar ba. Je ki gyara igiyar gugarki."

Kofur ya sa wa mai tanka ankwa. Matan suka dare, suka ba su hanya, babu wadda ta ce masa sannu.