Muryar da Ta Saita Dish ɗin Tanimu

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Sagiru, kashe wayar nan, haskenta na damuna. Ke kuma Ummulo, in kin san za ki jiƙa tabarma yau, tashi tun yanzu ki bi Gwaggo ɗaki, kada gobe a ce ni na jawo. To, kowa ya yi bismilla.

A bayan layinmu na Malumfashi akwai wani mutum, Tanimu, sana'arsa ɗaura dish. A lokacin babu 'yar na'urar nan da masu aikin yanzu ke hawa da ita. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana saman kwano yana juya farantin, ɗaya yana ɗaki ya zuba wa talabijin ido yana ƙwala masa: dama, hagu, ya wuce, ya kawo. Na sama ba ya ganin na ƙasa. Murya kawai yake bi. Abokin aikinsa Ilu shi ne mai zaman ɗakin.

Mahaifiyar Tanimu, Inna Yalwa, tana kwance. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke ɗif. Mijinta ya tafi aikin Hajji tun Tanimu yana goye, a filin Arfa ya cika, can ƙasar aka binne shi. Shi ya sa duk ranar Arfa sai ta zauna gaban talabijin tana kallon alhazai har su watse. Tun tana da baki ta ce ba wai tana zaton ganinsa ba ne, ƙasar da ya taka ƙarshe take son gani.

Wannan shekarar kowa ya dube ta ya san da wuya ta kai baɗi.

Dish ɗin gidan kuwa irin ƙaton nan ne na dā, duk ya yi tsatsa, iskar farkon damina ta juyar da shi. Tanimu yana ta gyaran na mutane saboda Sallah, nasa kullum sai gobe. Har ranar Arfa ta zo. Ilu ya yi sammako ya tafi ƙauyensu, matar Tanimu, Balaraba, ta kwashi yara gidan kitso. Gida ya rage daga shi sai tsohuwa.

Ya leƙa gaishe ta, sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna talabijin. Ba ta sauke yatsan ba. Kun san rana a can ƙasar tana riga tamu faɗuwa. Kafin mu gama la'asar, alhazai sun fara barin filin.

Ya tada janareta, ya kunna talabijin. Shuɗi kawai, babu hoto. Ya jingina tsani ya hau.

Rana tsaka ce fa. Lokacin da ake hana ku fita kuna ta ƙunƙuni, saboda mutanen ɓoye ne ke da hanya. Da ya isa sama sai ya tarar reshen tsamiyar bayan gida ya miƙo ya tare fuskar farantin. Don gaggawa ya sauko ya ɗauki adda, ya koma ya sare shi. Babu bismilla, babu a gafarce ni. Reshen ya faɗi bayan katanga. Bai ji ƙarar faɗuwarsa ba.

Ya zuba wa notunan baƙin mai, ya sa sifana, da ƙyar suka saki. Sai ya juya kaɗan, ya sauka ya duba, ya sake hawa. Ga azumi a bakinsa, ga kwano kamar tanda. Haka ya yi ta yi. Shuɗin nan bai motsa ba.

Yana durƙushe jikin farantin sai ya ji an ce, "Dama kaɗan."

Muryar Inna ce.

"Tanimu."

"Na'am, Inna!" Saura kaɗan sifanar ta suɓuce masa. Murna ta kama shi har da hawaye, wai Allah Ya buɗe bakin tsohuwa albarkacin ranar. Ya juya dama. Aka ce ya wuce, ya dawo hagu. Ya dawo. Aka ce ya rage gaggawa.

Sai aka sake kira, ya sake amsawa, don sabo. Mai dish ba ya jin kira daga ɗaki ya yi shiru.

Bayan ya amsa ne ya fara lura.

Janareta na ta ruri a tsakar gida, ko Ilu sai ya yi ihu kafin a ji shi. Wannan murya kuwa a hankali take magana, amma tana shigar masa kunne kamar a kafaɗarsa take. Ba ta jan numfashi tsakanin magana. Kuma kalmomin duk na masu sana'a ne, tsohuwa ina ta san su?

Ba wannan ne babba ba. Ummulo, ke ce 'yar fari a ɗakinku, kin taɓa jin Innarki ta ambaci sunanki? To. Tanimu ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Inna Yalwa ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gaban mutane ko a bayansu. Sai dai ta ce kai, ko yaron nan. Ko da wuta ta kama zanenta ba za ta ce Tanimu ba.

Ya rarrafa zuwa bakin kwano, ya leƙa ƙasa. Daga nan ana hango ƙofar ɗakinta. Labule a sake yake, amma bai kai ƙasa ba. A ƙarƙashinsa ga ƙafafu biyu a tsaye. Dogaye, farare ƙal, babu ƙura ko kaɗan. Mai su yana fuskantar talabijin, don ana ganin tudun bayansa ya turo labulen. Amma yatsun suna kallon waje.

Kai Sagiru, sake min zane, ba ni ba ce.

Nan ya tuna abin da ake faɗa mana tun muna yara. Kiran da ba ka ga mai yinsa ba, ba a amsa shi. Na farko kuskure ne, na biyu ganganci, na uku kuwa ka ba da abin da aka zo nema. Ya ɗauko Ayatul Kursiyyu, ta kakare masa a tsakiya. Ya sake ɗaukowa, ta sake kakarewa.

Ya koma jikin farantin yana juyawa shi kaɗai, a makance. Sauka ya duba kuwa ba shi da zuciyar yi. Muryar ta yi shiru, ta bar shi. Inuwar tsamiya ta fara rarrafowa kan kwano. Daga masallacin layi ya ji ana gwada lasifika, alamar la'asar ta kusa.

Sai aka ce, a hankali, "Saura kaɗan. Ni ina ganin inda ya rage. Ka amsa in faɗa maka."

Ya ci gaba da juya farantin.

"Tanimu."

Ni dai in kun tambaye ni, da na diro ta bayan katanga na yi ta kaina. Shi ma ya duba wajen. Amma yatsan nan na tsohuwa ya tsaya masa a rai, ya san kuma babu wata Arfa a gabanta. Laifinsa ne, shi ya yi ta cewa gobe. Ya runtse ido.

"Na'am."

"Ɗaga sama, faɗin yatsa. Tsaya. Ɗaure."

Bai gama ɗaure notin ba ya ji ɗakin ya ɗauka: Labbaika Allahumma labbaik. Muryar dubban mutane.

Ya sauko yana tangaɗi, ya yaye labule. Babu kowa a tsaye. Sai ganyen tsamiya a watse a ƙasa, ɗanye shar. Hoto ya fito tangaran, dutsen Arfa ya yi fari da mutane.

Amma tsohuwa ba talabijin take kallo ba. Shi take kallo, fuskarta jage-jage da hawaye, ta danne bakinta da hannunta mai lafiya. Duk ta ji. Tana kwance tana jin ana kiran ɗanta da muryarta, ba ta da bakin da za ta ce kada ya amsa.

Ya buɗe baki zai ce mata ya kawo. Iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa. Babu.

Sai ya zauna bakin gadon, ya tallabe kanta, ya juyar da fuskarta wajen talabijin. Ta kalla. Suna nan zaune, su biyu babu mai magana, har rana ta faɗi a can, alhazai suka fara tafiya. Haka Balaraba ta dawo ta same su. Ita ta ba mahaifiyata labarin, bayan ta tattara shi daga hannun mijinta kaɗan-kaɗan, da nuni.

Ba a gama cin naman layya ba Inna Yalwa ta rasu. Allah Ya jiƙanta. An kai Tanimu asibiti, an kai shi wajen malamai, an sha rubutu har an gaji. Kun ma san shi. Shi ne mai gyaran rediyon bakin tasha, wanda kuke wucewa kuna ce wa bebe, marasa kunya.

Don haka ku ji da kyau. Kada wanda ya hau saman kwano shi kaɗai da rana tsaka, ko da ƙwallonsa ne ya maƙale. Kuma in hanya ta bi da ku ta bayan gidan nan, ku ɗaga ƙafa. Maƙwabta sun ce wani lokaci ana jin namiji daga cikin tsamiyar yana tambaya, "Ya kawo?" Waɗanda suka san Tanimu tun yana magana sun ce muryarsa ce sak. In ta kira sunanka, ka haɗiye na'am ɗinka ka wuce.